A sauke giya a gyara, ko a sayo ta Beljiyam?

Wata Asabar da hantsi wani dattijo ya shigo garejinmu a nan Katsina da Peugeot 406 otomatik. Daga Daura ya taso, bai kai Mashi ba motar ta buga wani "gam" a ƙarƙashi, ta maƙale a giya ta uku, haka ya lallaɓo da ita har cikin gari. Ko zama bai yi ba ya ce, "Ɗana, sauke ta kawai. Na yi waya da wani a Kano, gobe zai sako mini ta Beljiyam a mota." Na ce, "Baba, ka yi mini haƙurin awa ɗaya in sa mata kwamfuta. In ta saukewa ce, ni zan fara gaya maka." Giyar 406 mai injin 2.0, wadda ake kira AL4, an san ta da wannan hali. Akwai bawul ɗin lantarki guda biyu masu daidaita ƙarfin mai, in sun gaji sai ƙwaƙwalwar motar ta kulle giya a ta uku don kada ta ƙarasa kanta. Murfi ɗaya ake buɗewa ta gaba a iske su, giyar tana nan zaune a jikin injin. Muka canja su, muka zuba man da ya dace, washegari Baba ya yi azahar a gidansa.

Na fara da labarinsa ne saboda tambayar "a gyara ko a sayo" galibi ana yin ta tun lokacinta bai yi ba. Kafin a sa sifana a noti ko ɗaya, sai an tabbatar cutar tana cikin giyar. Motar da ke buga ƙara duk lokacin da aka sa ta a D ko ribas, sau da yawa robar giya sit, wato mazaunin da ke riƙe giya a jikin mota, ce ta tsage, ko injin sit ya zauna. Honda da fitilar D ke ƙyaftawa tana gaya maka ne akwai lambar matsala a ajiye, a je a karanta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da soket ɗin kwamfuta iri ɗaya, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Idan kwamfuta ta nuna P0715 ko P0720, maganar sensar gudu ce ko wayarta, kuma galibi sensar a waje take. Idan P0730 ta fito, wato giya tana zamewa, to nan ne hankali zai fara tashi. A manuwal kuwa, giyar da ke ƙin shiga tana iya zama kebul ne ya saki, ko kulochin sama ko na ƙasa yana yoyo, ko robobin sandar giya sun cinye.

Sai mai. Zaro geji, wato sandar auna man giya, ka ɗiga a farar takarda. Ja mai haske, lafiya. Ya yi duhu amma ba ya wari, ya tsufa ne, a canja. Ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama, faiba, wato fatar kulochin da ke cikin giyar otomatik, ta ƙone. Ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an dama shi da madara, ruwan lagireto ya shiga ciki, kuma wannan giyar da wuya ta sake tashi, don ruwa yana ɓare faiba daga jikin ƙarfenta. A lura kuma, ba awo ɗaya ake yi wa kowace mota ba: Toyota ana duba gejinta injin yana aiki, mai ya yi zafi, tana fakin; Honda kuwa sai an kashe injin a duba nan take. Na sha ganin an cika wa Honda mai fiye da ƙima don an auna ta irin na Toyota.

To, a ce an duba duk wannan, cutar tana ciki, sai an sauke. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma manuwal da otomatik ba amsa ɗaya suke da ita ba.

Manuwal ba ta da dogon zance. Gyara taka. Abin da ke cikinta haƙora ne da boris da zobban tagulla da sil, duk ido yana ganinsu, hannu yana jin su. Giyar da ke kuka a kan hanya amma ta yi shiru in an taka kulochi, boris ɗin shaf ɗin shiga ne. Wadda ke gurzar haƙori in za a shiga ta biyu, zoben tagulla ne ya cinye. Bakanike mai natsuwa zai buɗe ta a kan tebur, ya nuna maka abin da ya mutu, ka sayo shi kaɗai. Ta Beljiyam tana shigowa ne kawai idan kaskon ya fashe, ko mai ya ƙare an ci gaba da tafiya har haƙora suka yi shuɗi suka narke, ko kuɗin kayan da za a canja ya kusa kamo kuɗin giya sukutum.

Direbobin Golf 3 da ke jigilar Katsina zuwa Daura da Mai'aduwa, ku ne wannan ya fi shafa. Giyar yawancin motocinku, mai lamba 020, giyarta ta biyar ce ke fara jin ƙishirwa idan mai ya ragu. Sil ɗin shaf yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ba wanda ya kula, wata rana a tsakiyar hanya ta biyar ta fara fita da kanta. Wannan ma ba kullum yake bukatar saukewa ba, akwai murfi ta gefen tayar hagu da ake buɗewa. Kulochin irin wannan giya kuma a juye yake: wata 'yar sanda ce ke bi ta tsakiyar shaf ta tura shi, kuma tana da ɗan ƙaramin sil. In ya mutu mai zai biyo sandar ya jiƙa kulochi. An canja kulochi ba a canja sil ɗin nan ba, bayan 'yan watanni za a dawo gidan jiya.

Tunda an sauke manuwal, kada a yi ƙyashin abu uku: faranti, diski da rilis boris, a canja su tare. A leƙa sil ɗin bayan injin, in da alamar danshi a canja shi. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ba a kai gare shi sai an sake sauke giya gaba ɗaya.

Otomatik ce mai wuyar sha'ani, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna asara.

Gyaran otomatik na gaskiya ba canja faibar da ta ƙone kawai ba ne. Faiba ba ta ƙonewa haka nan. Ko dai ƙarfin mai ya faɗi saboda wani sil na ciki ya taurare, ko wani bawul ya maƙale, ko famfo ya cinye, ko an daɗe ana tafiya da man da ba nata ba. Wanda ya zuba sabuwar faiba ya rufe, bai nemo abin da ya ƙone tsohuwar ba, gyaran gangar Auzinawa ya yi maka. Cikakken gyara yana bukatar faiba da farantan ƙarfe, da cikakken saitin sil da gaskit, da matatar mai, da a auna tazarar kowane kulochi da geji kamar yadda kamfani ya rubuta, da a warware gidan bawul a wanke a mayar da kowane ɗan ƙwallo da kowane sifirin a raminsa. Sannan ga kombata, wannan tulun ƙarfe da ke tsakanin injin da giya. A rufe take da walda, dattin faibar da ta ƙone yana maƙale a cikinta, kuma zuba fetur a girgiza ba ya fitar da shi duka.

Sai babban abokin gabarmu: ƙura. Bawul ɗin otomatik yana yawo ne a cikin rami mai tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da shi. Yawancin garejinmu a fili suke, ƙarƙashin dalbejiya ko rumfar kwano. Ka tsaya ka kalli an baje gidan bawul a kan buhu cikin watan Janairu, iskar hunturu tana kaɗawa, za ka gane abin da nake nufi. Ban ce babu gwanaye ba. Akwai su a Katsina, akwai su a Kano da Kaduna. Alamarsu ita ce ɗaki mai ƙofa, tebur mai tsabta, da yadda za su tambaye ka tarihin motar kafin su faɗi kuɗi. In ka samu irin wannan, kuma kayan gyaran na asali ne, giyar da ya gyara ta fi ta Beljiyam, don ka san abin da ke cikinta sabo ne, kuma ita ce dai wadda kamfani ya haɗa da ƙwaƙwalwar motarka, ba ruwanka da fargabar soket ko lamba.

Idan ba ka samu irin wannan hannu ba, kuma faiba ta riga ta ƙone, ni shawarata ita ce Beljiyam. Dalilina ɗaya ne: giya ce da aka haɗa a masana'anta, ba a taɓa buɗe cikinta ba. Sunan ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf a ƙasar Beljiyam, inda motoci da kayan gyara na hannu suka daɗe suna tasowa zuwa Kwatano da Legas, amma yau kayan suna fitowa daga Amurka da Japan da Dubai ma, sunan ne kawai ya zauna. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya yi tashin da ya sa mutane da yawa suka koma gyara ko da ba su so, don haka duk wanda zai saya ya kamata ya san abin da yake saya.

Aibinta sananne ne: cinikin biri a sama. Ba ka san kilomita nawa ta ci ba, ba ka san ko daga motar da ambaliya ta cinye aka ciro ta ba. Akwai kuma masu wanke wadda aka gama ci a nan gida su fesa mata fenti su kira ta Beljiyam. Shi ya sa ba na son a yi cinikin giya ta waya a sako ta a mota. Katsina zuwa Kano kilomita 170 ne ko kusa da haka, ka ɗauki bakanikenka ku tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa tare, kuɗin motarsa da abincinsa ba za su kai asarar giyar da ba ta dace ba. Ku je da hoton lambar da ke jikin tsohuwar, da hoton kowane soket. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da aka yi wa Amurka injin 1.8 gare ta, 'yan Turai kuwa akwai 1.4 da 1.6, kuma ba lallai giyar wannan ta yi daidai da waccan ba ko da ramukan noti sun hau. Volkswagen suna buga haruffa uku a jikin kasko, su ne ke faɗin tsawon giyar. Ka ɗaura ta dizal a motar fetur, za ta tafi amma ba za ta ja kaya yadda ka saba ba. Honda kuma tana da lambarta a wata 'yar takarda ko tambari a jikin kasko, kuma bambancin shekara ɗaya yana iya canja yawan sensa.

A gaban mai kaya, ku kwance notin zubar da mai ku ga abin da zai fito. Ku duba maganaɗisun da ke jikinsa ko a cikin tiren ƙasa: baƙin laushi kamar kwalli ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsuren faiba, a bar masa kayansa. Ku duba kawunan notunan kasko. Idan gefunansu sun murje, ko ga jan gam ya tsattsafo ta tsakanin kasko, an taɓa buɗe ta. Ku tabbatar ta zo da kombatarta a jiki. Sannan maganar kwanakin gwaji a rubuta ta a rasit, a kuma fara ƙirga daga ranar da aka ɗaura, ba ranar da aka biya ba. Mai kaya na kirki ba ya ƙin wannan.

Akwai motocin da ma zaɓin bai cika zama biyu ba. Giyar CVT, irin ta Corolla 'yar Amurka daga 2014, bel ɗin ƙarfe ne da kura biyu a cikinta, masu iya gyara ta a yankinmu ƙalilan ne, man da ake zuba mata kuma daban yake. In ta mutu, sai wata. Akasin haka kuma, akwai giyar da aka san irinta da rauni, kamar ta Honda Accord mai silinda 6 ta 2003 da 2004, wadda kamfanin da kansa ya yi kiranyen motocin a Amurka a 2004 saboda zafin da giya ta biyu ke ɗauka. Sayen ta hannu a irin wannan yana iya zama sayen cutar da ka gudu, gara a nemi gwani.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ko gyara ka zaɓa ko Beljiyam, rabin rayuwar giyar tana hannun wanda ya sauke ya mayar. Mai mota yana kwana yana lissafin kuɗin giya, amma ranar ɗaurawa sai ya tafi harkarsa, a bar wa yara biyu aikin. Na ga giya lafiyayya ta mutu cikin mako uku saboda noti da fegi.

Ga yadda ya kamata ka gani in ka tsaya. A cire kan batir tukuna. A ɗora motar a kan sitan ko a kai ta rami, ba jak kaɗai ba, ba kuma bulon siminti ba, don bulo yana fashewa ba gargaɗi. Giyar manuwal ta ƙaramar mota tana kai kilo 35 zuwa 45, otomatik kusan ninkin haka, ba abin da za a tara da ƙirji ba ne. A motar da ke ja da gaba, giya sit yana ɗauke da rabin nauyin injin, saboda haka sai an tallafe injin kafin a kwance shi. A mai ja da baya irin Hiace da Hilux da 504, a yi wa furofela alama da fenti kafin a cire, don ta koma yadda take. A otomatik kuma dole a kwance notunan da suka haɗa kombata da filawil, wato faifan ƙarfen da ke bayan injin, a Toyota yawanci shida ne, ana juya injin ana cire su ɗaya-ɗaya, domin kombata ta fito tare da giya. Wanda ya ja giya ya bar kombata a jikin injin, ya yaga sil, wani lokaci ya ji wa famfo.

Notunan da ke zagaye da bakin giya ba tsawonsu ɗaya ba. Wani dogo ne, wani gajere, wani yana riƙe da kik, wani yana riƙe da wayar as, wato wadda ke mayar da wuta batir. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, kwali yake sa mu yanko, mu zana bakin giya a kai, duk notin da ya fito mu huda kwalin mu soke shi a gurbinsa. Har yau haka nake yi. A zuba su gwangwani ɗaya shi ne mafarin ɓarna. Dogon noti a gajeren rami zai kai ƙarshe ya ci gaba da turawa har kasko ya tsage. Gajere a dogon rami zai kama zare uku ko huɗu kawai, a ɗaure shi ya zare zaren, don kaskon alminiyon ne, ba ya jure abin da ƙarfe ke jurewa. Notin kombata kuwa in ya fi nasa tsawo ko da kaɗan, yana lotsa bayan kombatar ta ciki ya lalata kulochin da ke cikinta.

Idan noti ya ɓata, nan ma a kula. Motocin Japan da na Turai ba zare ɗaya suke amfani da shi ba. Noti mai kaurin milimita 10 na Toyota ko Honda kansa sifana 14 ne, zarensa siriri mai tazarar 1.25. Na Turai mai kauri ɗaya kansa 16 ko 17 ne, zarensa yawanci 1.5. Zai shiga zagaye biyu lafiya, sannan ya cije, yaro ya sa dogon bututu ya danna, shi ke nan ramin ya tafi. Ƙa'idar ita ce kowane noti ya shiga da yatsu zagaye da yawa kafin sifana ta taɓa shi. A duba lambar da ke kansa kuma. 8.8 da 10.9 ƙarfin ƙarfen suke nunawa, kuma inda kamfani ya sa 10.9 ba a musanya shi da wanda ba shi da lamba, irin na haɗa gado da ƙofa. Notunan filawil na Volkswagen ma kamfanin cewa ya yi a sa sababbi duk lokacin da aka kwance.

Sai fegi. Tsakanin injin da giya akwai 'yan gajerun turakun ƙarfe guda biyu. Mutane suna zaton noti ne ke saita giya. A'a, noti matsewa kawai yake yi, fegin nan su ne ke sa tsakiyar giya ta yi daidai da tsakiyar injin. Sukan maƙale a jikin tsohuwar giya a tafi da su, ko kuma ta Beljiyam ta zo da nata su yi karo da na injin. In babu su, giya za ta zauna a karkace da abin da ido ba ya gani, amma ƙarfe yana ji: filawil ɗin otomatik ya tsage ta wajen notuna, bushin famfo ya cinye, sil ya fara zubar da mai, a manuwal kuma kulochi ya riƙa karkarwa.

Wannan ya faru a gidanmu. Ƙanena yana aiki a wani gari, Corollarsa ta ƙone faiba, ya sayi ta Beljiyam mai kyau, aka ɗaura masa a wani gareji can. Kwana ashirin ya kira ni, "Yaya, wani ƙas-ƙas nake ji in tana tsaye, kuma tana ɗigar da jan mai." Ya kawo ta Katsina muka sa a rami. Na haska fitila, sai ga notunan sama guda biyu babu su sam, wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi ne sai aka bar su. Da muka ja giyar baya, fegi ɗaya ne kawai, ramin ɗayan cike da ƙasa. Filawil ya tsage kamar an zana shi da reza, zagaye da notunan tsakiya. Wuyan kombata ya goge ta gefe ɗaya har yana ƙyalli. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin yaron nan bashi ya ci ya sayi giyar, kuma ba ta da laifin komai. Ya koma yana zargin mai kaya, alhali abin da ya cuce shi bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Mayar da otomatik yana da wani sharaɗi da ba a sassauta shi. Kombata sai ta zauna sosai a cikin giya tukuna. Ana turawa ana juyawa, za a ji ta faɗa sau biyu ko uku, har ta shige can ciki ta kama famfo. Sannan a kawo giya ta haɗu da injin da hannu, baki da baki, ba tazara. Idan saura ɗan yatsa ta ƙi haɗuwa, wani abu bai zauna ba, a ja baya a duba. Wanda ya ce bari ya jawo ta da noti, famfo zai fasa, kuma ba za a sani ba sai an tayar da mota an sa giya ta ƙi motsi. A manuwal ma haka ne, sai an saita faranti a tsakiya kafin a ɗaure diski, kuma kada a bar nauyin giya ya rataya a kan shaf.

Ɗauri kuma da awo ake yi. Manyan notunan bakin giya a Toyota da Honda da yawa, masu kan sifana 17, awonsu yana wajen 64 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, ƙananan kuma ƙasa da haka. Ana bi ne a gicciye, a zagaya sau biyu, ba a gama ɗaya a koma na kusa da shi ba. Garejin da ke da sifanar awo ya riga ya gaya maka wani abu game da kansa. Notunan sit kuwa a kama su sako-sako, a sauke nauyin injin ya zauna da kansa, sannan a ɗaure. In aka ɗaure su injin yana rataye, robar za ta zauna a murɗe, mota ta riƙa rawa, sabon sit ya tsage da wuri. Kada a manta wayar as. In ba ta koma ba, wutar kik za ta nemi hanya ta kebul ɗin giya ko wasu ƙananan wayoyi ta ƙone su.

Abu na ƙarshe kafin a zuba mai: bututun da ke kai man giya lagireto ya huce. Duk dattin tsohuwar giya yana kwance a ciki. A wanke shi a busa har ya fito fes, in kuwa ruwa ne ya shiga mai tun farko, lagireton ne ya huje ta ciki, sai an canja shi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan bututun shi ne numfashin giya. Man kuma a bi abin da aka rubuta a geji ko littafin mota: T-IV ga Corolla ta 2003 zuwa 2008, WS ga Camry daga 2007, DW-1 ga Honda wanda ya maye gurbin Z1, 75W-80 ga manuwal ɗin Peugeot. Ja ba shi ne shaida ba, kusan dukkansu ja ne.

Idan an gama, kada ka karɓi makulli ka wuce. Ka ce a nuna maka kwalin ko tiren notuna, ya zama babu ko ɗaya da ya rage. Ku fita gwaji tare da bakaniken har mota ta yi zafi, ku hau titin Kano ko na Daura inda za ta shiga kowace giya, a sake sa mata kwamfuta. Daren farko ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ka duba da safe. Bayan mako ɗaya ka mayar da ita rami a sake bin notunan bakin giya da na sit da sifana, a sake duba mai, tun kwanakin gwajin da ke kan rasit ɗinka ba su cika ba.